Nonon da Ya Ratsa Sahara: Agadas da Tarihin Tsami

A kantunan magani na manyan birane ana sayar da ƙwayoyin da ake kira furobayotik, da alkawarin za su gyara ciki. Wanda ya san tarihin Agadas zai ga cewa abin da ke cikin kwalbar ya daɗe a cikin ƙwarya. Amma a ganina kuskure ne a ce mutanen Abzin sun riƙa tsamar da nono don neman lafiyar hanji. Hanya ce ta tilasta musu, kuma sai mun fahimci haka za mu san abin da ya kamata a riƙe daga wannan gado da abin da ya kamata a gyara.

Tun kafuwar sarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, Agadas zango ne na matafiya, ba ta noma abin da zai ciyar da ita. Gero daga Damargu da ƙasar Hausa yake zuwa, gishiri da dabino daga Fashi da Balma, nono kuwa daga garken Buzaye da Fulani. Ayarin gishiri yakan tashi bayan damina ya ratsa Tenere, tafiyar kilomita ɗari biyar ko fiye, a ƙasar da madarar safe ba ta kai la'asar. Bature Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a Oktoban 1850, da irin wannan ayari ya gangara kudu kafin ya isa Kano a farkon 1851. Matsalar madugu ita ce guzuri, kuma mata ne suka warware ta ta hanya biyu. Ta farko ita ce cuku: a zuba wa madara ɗan abin da ake cirowa daga tumbin ɗan akuya, ta daskare, a shimfiɗa ta siririya a kan tabarmar kara har ta bushe ƙarau, ta yi watanni a cikin jaka. A daka shi da gero da dabino a dama da ruwa, shi ne abin da Buzaye ke kira eghajira, abincin tafiya kuma abin karrama baƙo. Ta biyu ita ce tsami. Ana ajiye madara a ƙwaryar da ta saba da nono, a ɗiga mata ragowar kindirmon jiya, a rufe da faifai ta kwana. Da safe a kaɗa a salka ko gora, a kwashe mai, tsala ta rage ta damun fura.

Matan nan ba su san sunan ƙananan halittun da ke aikin ba, amma sun san ƙwaryar da ke ba da tsami mai daɗi da wadda ta lalace. Halittun suna cin sukarin madara su mai da shi tsami, tsamin kuma ya hana yawancin ƙwayoyin ruɓa sakewa. A nan ne amfanin ciki ya shigo, ba tare da an neme shi ba. Yawancin makiyaya sun gaji iya narkar da ɗanyar madara har girma, manoma da yawa kuwa tana sa musu kumburi da gudawa. Nono mai tsami ya fi zama a cikinsu, shi ya sa ya zama haja tsakanin rugga da kasuwa, aka haɗa geron manomi da nonon makiyayi a ƙwarya ɗaya. Kimiyya ta biyo baya a makare. A 1907 Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur a Faris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan kindirmo, a 2001 ƙwararrun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da na Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsayar da ma'anar furobayotik, a 2010 kuma hukumar abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa rayayyun halittun yogot suna taimakawa wajen narkar da sukarin madara.

Likita zai ce ba duk abu mai tsami ne furobayotik ba, kuma gaskiyarsa. Ma'anar ta 2001 tana buƙatar halittun su kasance da rai, da yawan da ya isa, da amfanin da aka tabbatar. Cuku bushewa ce ke kiyaye shi, daddawa da koko kuwa wuta ta riga ta kashe abin da ke cikinsu, ko da yake tsimawar ta sauƙaƙa narkewa. Nonon gida shi ne mafi kusa, shi ma ƙarfinsa ya bambanta daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Zargi mafi nauyi shi ne na cuta: madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko bakkale da tarin fuka na shanu, tsami bai isa ya kawar da su gaba ɗaya ba, ruwan da ake sirka tsala da shi ma yakan zama masifa. Ban ga dalilin musun wannan ba. Sai dai maganinsa yana hannun mai nonon: ta tafasa madara, ta bar ta ta huce, sannan ta zuba tsamin jiya.

Abin da ya raunana sana'ar shi ne fari. Na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun ƙarar da garke, suka koro makiyaya cikin gari, madarar gari ta shigo da sunan agaji ta zauna a kasuwa. Yau yaro a Agadas ya fi sanin yogot na leda mai sukari, wanda galibi da madarar waje ake yinsa. Yana da tsabta, ba a raina shi. Amma ƙananan halittun da suka yi ƙarnoni suna sabawa da zafin Abzin da nonon akuyoyinsa ba sa cikin ledar, suna cikin ƙoren matan rugga, kuma ƙwaryar da aka daina zuba wa madara ba ta daɗewa tsaminta ya mutu.