Sinadaran Waken Soya da Tasirin Sarrafawa a Kan Amfaninsa ga Jiki da Masana'antu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin sinadaran da ke cikin waken soya, da abin da suke yi a jikin mutum da dabba, da kuma yadda masana'antu ke cin moriyarsu. An bi hanyar tattara sakamakon da binciken kimiyyar abinci ya tabbatar, aka auna shi da yadda ake sarrafa waken a gidajen Hausawa da masana'antu. An gano cewa ɗanyen wake yana ɗauke da abinci mai yawa tare da sinadaran da ke hana jiki cin moriyarsa, kuma zafi da tsami da tsimawa su ne ke raba su. Saboda haka ingancin waken ya dogara ne ga yadda aka sarrafa shi.

1.0 Gabatarwa

Waken soya, wanda masana tsirrai ke kira Glycine max, asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka fara noma shi dubban shekaru da suka wuce. A yau Birazil da Amurka da Ajantina ne kan gaba wajen nomansa, Sin kuma ta fi kowace ƙasa sayensa. An shigo da shi Nijeriya a 1908, amma nomansa bai kankama ba sai bayan 1937, da aka kawo irin da ake kira Malayan, wanda ya karɓu a yankin Binuwai. Daga baya cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fitar da nau'o'in TGx, masu iya haɗa kai da bakteriyar da ke cikin ƙasar Afirka su ɗauko naitirojin daga iska. Yanzu awara da madarar wake da daddawar waken soya sun zama abincin yau da kullum a ƙasar Hausa. Duk da haka, an fi yawan magana a kan abin da waken ya ƙunsa, ana mancewa da tambayar da ta fi muhimmanci: nawa ne daga ciki ke isa ga jiki?

2.0 Sinadaran Ƙwayar Wake

A busasshiyar ƙwaya, furotin ya kai kashi 36 zuwa 40 cikin 100, mai kusan kashi 20, kabohaidiret kusan kashi 30, ma'adinai kuma kusan kashi 5. Mafi yawan furotin ɗin iri biyu ne, gilisinin da beta-kongilisinin. Suna da wadatar amino asid ɗin da ake kira laisin, amma suna da ƙarancin metiyonin da sistin. Gero da dawa da masara kuwa akasin haka suke: laisin ne ya yi musu ƙaranci. Shi ya sa kunun da aka haɗa hatsi da garin waken soya ya fi kowannensu shi kaɗai gina jiki.

Man waken ya ƙunshi linoleyik asid fiye da kashi 50, oleyik kusan kashi 23, linolenik kuma kashi 7 zuwa 8. Linoleyik da linolenik jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai daga abinci. Sai dai linolenik yana saurin haɗuwa da iskar oksijin, abin da ke sa man ya canza ɗanɗano idan ya jima.

3.0 Sinadaran da ke Hana Cin Moriya

A 1917 masu bincike Osborne da Mendel sun nuna cewa ɓerayen gwaji ba sa girma yadda ya kamata da ɗanyen waken soya, amma suna girma idan an dafa shi. Daga baya aka gane babban dalilin. Akwai wasu furotin a cikin waken da ke ɗaure tirifsin, wato sinadarin da jiki ke narkar da furotin da shi a cikin hanji. Moses Kunitz ya ware ɗaya daga cikinsu a 1945, ana kuma kiransa da sunansa. Na biyun shi ne na Bowman da Birk, wanda ya fi jure zafi saboda yana da maɗaurai bakwai na salfa, alhali na Kunitz biyu gare shi. Akwai kuma lektin, mai manne wa bangon hanji.

Zafi mai laima, kamar tafasawa ko turarawa, yana lalata mafi yawan waɗannan. To amma zafin yana da iyaka. Idan ya wuce kima, laisin yana haɗuwa da sukarin da ke cikin waken, garin ya yi duhu, jiki kuma ya kasa amfani da laisin ɗin. Wannan shi ne haɗarin da ke tattare da soya wake a kasko har ya ƙone kafin a niƙa shi don kunun yara: an kawar da mai cutarwa, an kuma salwantar da abin da aka sa waken dominsa.

Wasu sinadaran kuma ba zafi ne maganinsu ba. Faitik asid, wanda ya kai kashi 1 zuwa 2, yana riƙe sinadarin ƙarfe da zinki da kalsiyam ya hana hanji tsotse su. Tsirarwa da tsimawa suna rage shi, cin abinci mai bitamin C tare da waken kuma yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfen. Rafinos da sitakiyos nau'o'in sukari ne da hanjin mutum ba shi da abin narkar da su, sai bakteriyar babban hanji su ci su, daga nan ne kumburin ciki ke tasowa. Da yake suna narkewa a ruwa, kaso mai yawa yana bin ruwan jiƙo da ruwan da ake tsiyayewa daga awara. Ƙarnin wake kuwa aikin sinadarin lifoksijines ne, wanda ke farka wa man da zarar an markaɗa waken da ruwan sanyi. Markaɗe da ruwan da zafinsa ya haura digiri 80 yana hana shi aiki.

4.0 Awara da Daddawa a Mahangar Kimiyya

Furotin ɗin waken soya yana daina narkewa a ruwa idan tsami ya ƙaru, ya fi kuma dunƙulewa a kusa da mataki 4.5 na ma'aunin tsami. Mai awara tana tafasa madarar waken, abin da ke warware furotin ɗin ya kuma lalata masu ɗaure tirifsin, sannan ta zuba ruwan tsami ko jiƙon tsamiya ko lemon tsami ko alif, madarar ta tsinke. A Sin da Japan ana amfani da gishirin kalsiyam ko na maganiziyam. Bambancin yana da tasiri ga jiki: awarar da aka haɗa da kalsiyam salfet tana ɗauke da kalsiyam mai yawa, wadda aka haɗa da alif kuwa ba ta samun wannan ƙari.

A daddawa, bakteriyar Bacillus subtilis ce ke aikin, kamar yadda take yi a daddawar kalwa da abincin natto na Japan. Tana farfasa furotin zuwa amino asid, ciki har da gulutamet mai ba miya ɗanɗano, tana kuma fitar da amoniya, wadda ke cikin ƙamshin daddawa mai ƙarfi.

5.0 Tasiri a Kan Lafiya

Wani nazari da Anderson da abokan aikinsa suka buga a 1995 ya nuna cewa furotin ɗin waken soya yana rage mugun kolestarol da kusan kashi 13. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kaya cewa giram 25 a rana na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Nazarce-nazarcen baya sun sami ragin da bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba, har hukumar ta gabatar da shawarar janye amincewar a 2017. Amfanin na nan, amma bai kai a ɗauki waken a matsayin magani ba.

Waken yana kuma ɗauke da aisofilabon, musamman jenistin da daidzen, waɗanda siffarsu ta yi kama da sinadarin istirojin na jikin mace, sai dai ƙarfinsu ya gaza nasa nesa ba kusa ba. Gwaje-gwaje a kan maza ba su nuna cewa cin waken daidai misali yana rage sinadarin testostaron ba. Mai shan maganin ƙarancin aikin tayiroid ya kamata ya ba da tazara tsakanin maganin da abincin waken, domin waken na rage shigar maganin cikin jini. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar waken sam. Madarar waken da aka yi a gida kuma ba ta maye gurbin nonon uwa, ba ta da bitamin B12, kalsiyam ɗinta ma bai kai na nonon shanu ba.

6.0 Amfani a Masana'antu

A manyan masana'antu ana fasa waken, a cire ɓawo, a daddanne shi fale-fale, sannan a tatso man da sinadarin heksan. Tan ɗaya yana ba da kusan kilo 180 na mai da kusan kilo 800 na tunkuza. Tunkuzar tana da furotin kashi 44 zuwa 48, ita ce kuma ginshiƙin abincin kaji da kifi. A nan ma zafi ne ke yanke hukunci: ana turara ta, ana auna aikin sinadarin yuriyes don a san ko ta dahu, domin ɗanya tana hana kaji girma, ƙonanniya kuma ta rasa laisin.

Wajen tace man da ruwa ake samun lesitin, mai haɗa ruwa da mai a cikin cakulan da majarin da magunguna. Daskarar da man da haidirojin, wanda aka daɗe ana yi don ya jima bai lalace ba, yana haifar da kitse mai cutar da zuciya, wanda a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi. Idan aka haɗa man da metanol ana samun dizal na tsirrai da gilisarin. Ana yin tawadar buga jarida da man waken tun 1987 a Amurka. A shekarun 1940 kuma masanin kimiyya Percy Julian ya samar da sinadarin furojestaron daga wani ɓangare na man, abin da ya sauƙaƙa farashin magungunan wannan rukuni.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa mai awara a gida da injiniyan masana'anta matsala ɗaya suke warwarewa, wato samun zafin da zai lalata masu hana narkewa ba tare da ya ƙona laisin ba. Ana ba da shawarar malaman gona da jami'an kiwon lafiya su koyar da jiƙa wake da zubar da ruwan jiƙon, da tafasa shi sosai, da guje wa ƙona shi wajen haɗa garin kunun yara. Masu haɗa abincin kaji a ƙananan injuna suna buƙatar hanya mai araha ta gwada dahuwar tunkuza. Jami'o'i kuma ya dace su auna kalsiyam da ƙarfe da ragowar alminiyam a awarar da aka haɗa da ruwan tsami da tsamiya da alif, domin a ba masu sana'ar shawara bisa hujja.