Rawar Hannu Daban, Rawar Fage Daban

Duk wanda ya koyi ɗaukar hoto a zamanin fim ya haddace doka ɗaya: in gilashinka mai milimita 300 ne, kada ƙofar haske ta wuce kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa a buɗe, in ba haka ba hoto ya fito dishi-dishi. Dogon gilashi ba nesa kaɗai yake janyowa ba, har rawar hannun mai shi yake kambamawa. Tamkar riƙe doguwar gora ne, ɗan motsi a gindi, a tsini ya zama lilo. Shi ya sa da rana ta yi sanyi mutanen da can suke kafa kyamara a kan ƙafa uku, ko su jingina da bango su ɗauke numfashi.

Nikon ya fara sa maganin abin a wata ƙaramar kyamara a 1994, amma 'yan sana'a sun fi tuna 1995, shekarar da Canon ya fito da gilashin 75-300 mai tambarin IS. A cikinsa akwai 'yan na'urori masu jin motsi, da wani ƙaramin gilashi mai reto wanda ke kaucewa daidai inda zai soke rawar. Ribar ta kai ninki huɗu na lokaci, wato mai buƙatar kashi ɗaya cikin 300 ya wadatu da wajen ɗaya cikin 80. A 2003 Minolta ya bar gilashi ya koma motsa allon karɓar hasken kansa, Olympus ya faɗaɗa dabarar a 2012, yau ga ta har a wayoyin hannu.

Sai dai na'urar nan, hannunka take kamawa, ba abin da ke gabanka ba, kuma kudancin Kaduna ya isa misali. Ɗauki sassaƙen yumɓun nan da masu haƙar kuza suka fara tonowa a Nok a 1928, ko kan Jema'a da ya kai hannun Bernard Fagg, mutumin da ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Irin wannan kai ya yi shekara dubu biyu da ɗoriya bai ƙifta ba. Yana bayan gilashi a ɗaki mai ƙarancin haske, filasha kuwa ƙyalli kawai za ta mayar maka. A nan na'urar sarauniya ce: hujin ƙwayar ido da layukan kitso duk su fito tas. Amma je Kagoro ranar bikin Afan, ko Kwoi lokacin Tuk Ham, ka tsaya har magariba ta kawo jiki. A kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, itacen da ke bayan mai rawa zai fito ganye-ganye, shi kuwa ya zama hayaƙi. Babban maganin motsinsa shi ne gilashi mai faɗin baki, wanda nauyinsa da kuɗinsa ke karya kafaɗa.

Wasu na cewa ashe na'urar hana rawar asarar kuɗi ce, tunda kyamarorin yanzu suna gani a duhu. Suna gani, amma da sharaɗi. Da zarar an matsa wa allo ya ƙara jin haske, tsaki-tsaki ke bazuwa a hoton, yumɓun Nok kuwa dama mai tsakuwa ne, sai a kasa rarrabe na maginin da na kyamarar. Sun kuma manta cewa a dogon gilashi, kafin a danna ma sai hoto ya natsu a ido, sannan a iya saita shi a kan fuskar da ake so. Masu cewa a koma ga ƙafa uku sun fi hujja, domin babu abin da ya kai ta tsayuwa. To amma wa zai ba ka filin kafa ta a tsakiyar turmutsitsin Afan? In ma ka samu, gilasan farko sai ka kashe musu na'urar, don idan ba ta ji rawa ba takan shiga farautar wadda babu, ta ɓata hoton da kanta.