Alli da Yajin Aiki: Ƙungiyar Malaman Nijar a Cikin Tarihi

Duk wanda ya bi diddigin mutanen da suka jagoranci Nijar zuwa ga ƴancin kai a shekarar 1960, zai tarar da cewa da yawansu daga aji suka fito. Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, malamin lakkwal ne. Diori Hamani ya koyar a Maraɗi da Yamai kafin ya zama shugaban ƙasa. Jibo Bakari kuwa ya riƙe alli a Birnin Ƙonni da Agadas kafin ya tsunduma cikin harkar sandika da siyasa. Dukansu ukun sun yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Turawan Faransa ke horas da malamai da akawuna na yammacin Afirka. A zamanin da yaran da ke zuwa lakkwal ba su kai 5 cikin 100 ba, mushe shi ne mai karanta wa gari takarda, shi ne mai rubuta ƙara zuwa ga kumandan, shi ne kuma ya fara fahimtar cewa dokar da Bature ya rubuta ana iya ɗaure Baturen da ita.

Wannan fahimta ita ce tushen sandika. Dokar watan Agusta na 1944 ta buɗe wa ma'aikatan ƙasashen renon Faransa ƙofar kafa ƙungiyoyi, a 1946 aka soke aikin tilas, sa'an nan a watan Disamba na 1952 aka zartar da kundin dokokin ƙwadago na ƙasashen ƙetare. Babbar buƙatar malamai a lokacin ita ce daidaito: aiki ɗaya, albashi ɗaya, ko mai yin sa baƙar fata ne ko Bature. Daga wannan yunƙuri ne ƙungiyar malaman Nijar ta ƙasa, wadda aka sani da SNEN, ta samo asali, tare da aƙidar da ta riƙe tun farko, wato mutuncin malami da ingancin makaranta abu ɗaya ne, in ɗaya ya zube ɗayan ba ya tsayawa.

Bayan samun ƴanci sai al'amari ya rikice, domin waɗanda ake yi wa kuka a yanzu abokan aikin jiya ne. An tattara ƙungiyoyin ma'aikata a ƙarƙashin uwa ɗaya, UNTN, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da jam'iyya mai mulki. Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 bai canza wannan tsari sosai ba. A zamanin Seyni Kunce uwar ƙungiyar ta koma USTN, aka kuma ɗora ta bisa manufar shiga a dama da ita ba tare da ta da murya ba. Amma ko a waɗannan shekaru na shiru, rassan ƙungiyar a Damagaram da Tawa da Maraɗi sun ci gaba da wani aiki da ba a cika rubutawa ba. Su ne ke bin takardun malamin da aka tura ƙauye mai nisa aka mance da ƙarin girmansa, su ne ke haɗa gudummawa in malami ya rasu ya bar iyali, su ne kuma ke tsaya wa wanda aka canza wa wurin aiki don horo. Da irin wannan ƙaramin aiki ne ƙungiya ta tara amanar da ta ci moriyarta daga baya.

Ranar cin moriyar ta zo ne bayan faɗuwar farashin yuraniyam a farkon shekarun 1980 da shigowar tsarin tsuke bakin aljihu. Shirin gyaran ilimi da aka tsara tare da Bankin Duniya ya tanadi rage tallafin ɗalibai, da raba aji gida biyu, rukunin safe da na yamma, a hannun malami ɗaya. Malamai suka ƙi, suna cewa za a ƙara yawan yara a takarda a rage abin da ke shiga kansu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, aka kashe uku daga cikinsu. Jinin nan ya haɗa ɗalibi da malaminsa a sahu ɗaya. SNEN ta kasance cikin ƙungiyoyin da suka fi matsa wa USTN lamba ta rabu da mulki, kuma bayan yajin aikin gama-gari na watan Nuwamba 1990, Janar Ali Saibu ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Babban taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya gudana ne a ƙarƙashin jagorancin wani malamin tarihi haifaffen Damagaram, Farfesa André Salifou.

Sai dai dimokuraɗiyya ba ta zo da kuɗi ba. Baitulmali ya bushe, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, a watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Yajin aiki ya bi yajin aiki, wasu shekarun karatu suka tafi a banza, abin da ake kira farar shekara. A nan ne ƙungiya ta gamu da tambaya mafi wuya a tarihinta. Makamin malami ɗaya ne, ya ajiye alli. Amma in ya ajiye, ɗan minista yana makarantar kuɗi ko yana waje; ɗan manomi ne ke komawa gona, ƴar talaka kuma a yi mata aure kafin a koma aji. Iyaye da dama da suka tafa wa malamai a 1990 sun fara juya musu baya, makarantu masu zaman kansu suka yawaita a birane.

Gwaji na biyu ya fi na farko zurfi. A 1998, shekarar da aka zartar da dokar tsarin ilimi ta ƙasa, gwamnati ta fara ɗaukar ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantaragi, bisa kuɗin da bai kai rabin albashin cikakken ma'aikaci ba, sau da yawa kuma ba tare da isasshen horo ba. Tsarin ya buɗe dubban azuzuwa a karkara, musamman a ƙarƙashin shirin shekaru goma na ilimi da aka soma a 2003, kuma kafin ƙarshen shekarun 2000 ƴan kwantaragi sun zama mafiya yawa a makarantun firamare. Ƙungiyar da aka gina a kan aiki ɗaya albashi ɗaya ta wayi gari da malamai iri biyu a farfajiya ɗaya, alli ɗaya, yara ɗaya, rabo dabam. Da farko ta yaƙi tsarin ne, amma sababbin malaman da yawa suka ji kamar su ake yaƙa, suka kafa nasu ƙungiyoyi. A 2001 ita kanta USTN ta tsage, SNEN ta shiga cikin waɗanda suka kafa CDTN. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da ƙungiyoyi suka yawaita, kowace gwamnati ta sami wanda za ta zauna da shi ta bar saura a waje. An ga haka a 2017, lokacin jarrabawar tantance ƴan kwantaragi, wadda ƙungiyoyi suka yi kiran a ƙaurace mata, aka kuma yi ta duk da haka.

Tarihin nan yana nuna abu guda a fili. Ƙungiyar malamai ta fi ƙarfi a lokutan da jama'a suka ga kukanta kukan ƴaƴansu ne, ta kuma yi rauni a lokutan da aka ɗauka albashi kawai take nema. Batutuwan da ke haɗa malami da uba ba su ƙare ba. Akwai koyarwa cikin harshen uwa, wadda aka fara gwadawa da Hausa a Damagaram tun 1973 amma ta daɗe a matsayin gwaji. Akwai azuzuwan zana, waɗanda gobararsu ta ci yara kimanin 20 a Yamai cikin Afrilu 2021, ta ci fiye da 20 a Maraɗi cikin Nuwamban wannan shekara. Akwai kuma malamin ƙauye da ke rufe aji kwana biyu ko uku don ya je birni karɓar kuɗinsa. Da halin da wannan malami da almajiransa ke ciki ne ya kamata a auna kowace sandika, domin dominsu aka kafa ta tun farko.