Jidda: Garin Da Ba Shi Da Kogi

A arewacin Ingila akwai waɗansu ƙananan garuruwa waɗanda masaƙa ce ta raya su. In mutum ya duba taswira, sai ya ga kusan kowannensu a bakin rafi yake zaune, gama ruwa ne ya fara juya injin kaɗi tun ba a sami na tururi ba, da shi kuma ake wanke zane a rina shi. Rawtenstall, wanda ke bakin Kogin Irwell, ɗaya ne daga cikinsu. Daga can ne kamfanin David Whitehead ya fito, wanda ya haɗa hannu da Gwamnatin Jihar Arewa aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ita ma ba nisa da kogi. Hausawa dai sun ce ruwa abokin aiki. To, amma akwai wani gari da alhazan ƙasar Hausa suka sani ƙwarai, wanda ba shi da kogi, ba shi da rafi, ba shi ma da rijiyar kirki, duk da haka ya cika da ma'aikatu. Wannan gari shi ne Jidda. Tun da yake haka, injin farko da ya yi suna a garin ba na saƙa ba ne, na yin ruwan sha ne, sauran sana'o'i kuwa sai da suka jira shi.

Jidda tana bakin Bahar Maliya ta gabas, wajen mil 45 yamma da Makka. An gina ta a kan wani siririn fili mai rairayi da gishiri, wanda Larabawa ke kira Tihama. Gabas da filin akwai duwatsun Hijaz, yamma kuwa teku. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce inci 2 ko 3 ba, alhali Kano takan sami wajen inci 30. Ɗan abin da ake samun nan ma da hunturu yake zuwa, sau da yawa cikin yini ɗaya ko biyu. In an haƙa rijiya kusa da gari, sai a tarar da ruwan zartsi. Cikin teku kuma akwai jerin duwatsun murjani a ɓoye ƙarƙashin ruwa, waɗanda suka sha fasa jirage. Sai ta waɗansu 'yan kafofi ake ratsa su, shi ma sai da jagora wanda ya san hanya.

Abin da ya zaunar da mutane a irin wannan wuri shi ne Makka. A shekara ta 26 bayan Hijira, watau wajen 647, Halifa Usman ɗan Affan ya mai da Jidda tashar jiragen Makka maimakon wata tsohuwar tasha da ke kudu, mai suna Shu'aiba. Tun daga ran nan hatsin Masar, da zannuwa da kayan yaji na Indiya, da alhazai daga ko'ina, duk ta nan suke sauka. Daga baya gahawar Yamal ta shigo cikin cinikin. Duwatsun nan da ke cikin ruwa kuma sun yi wa garin rana. A farkon ƙarni na 16 Sarkin Masar Ƙansuh al-Ghauri ya sa aka kewaye Jidda da ganuwa don tsoron mutanen Fotugal. Da jiragen yaƙinsu suka zo a 1517, ƙuncin hanya da igwa suka hana su shiga, suka juya. A shekarar nan ce Hijaz ta koma ƙarƙashin Turkawa.

Mutanen cikin ganuwa fatake ne da dillalai da masu saukar alhazai, masu sana'ar hannu ba su da yawa. Akwai masassaƙa jiragen katako, da masunta, da masu yin tasbaha da baƙin murjani, da magina. Maginan nan daga bakin teku suke sassaƙo dutsen murjani, su jera shi da laka, su sa katako tsakani don ya riƙe bango, har su tā da soro hawa huɗu ko biyar. Tagogin kuwa da katakon Indiya da na Jawa ake yinsu, da ƙananan kafofi don iska ta shiga. Itacen ginin ma, ke nan, jirgi ne ya kawo shi.

Ruwan sha ne babbar wahala. Attajirai sukan gina manyan matattarai a bayan gari da ƙarƙashin gidajensu, su tare ruwan sama, su riƙa sayarwa har shekara ta kewayo. In ruwa ya daɗe a ciki sai ya ɓaci, ya kawo ciwo. In shekara ta yi fari kuwa, sai kuɗin salka ya fi ƙarfin talaka. A shekarun 1880 gwamnan Turkawa, Usman Nuri Basha, ya jawo ruwa daga wani marmaro da ke gabas, ana kiransa Waziriyya, amma bai wadaci gari ba, hanyarsa kuma takan toshe.

Cikin masu ɗaukar wannan wahala a ka har da mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari. Da ƙafa suke zuwa, ta Barno da Wadai da Darfur, su yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago, har su kai Sawakin a bakin teku, su ƙetare cikin jirgin katako. Wani matafiyi mutumin Suwizalan, Burckhardt, ya zo Jidda a 1814, ya kuwa ba da labarin ya gan su suna dakon kaya daga jirage zuwa ɗakunan ajiya, suna yo itace, suna gina murhun yumɓu na sayarwa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 masu hijira zuwa gabas suka ƙaru. Waɗanda suka iso Jidda da yawansu a bukkoki suka zauna, a wata unguwa kudu da ganuwa mai suna Nakatu. Dako da ga-ruwa da wanki su ne abin da suka riƙe, har su tara guzurin komawa gida. Waɗansu ba su koma ba, jikokinsu na can har yanzu.

Da aka buɗe mashigin Suwais a 1869, jiragen tururi suka riƙa zuwa, alhazai suka yi yawa, ƙishirwa da annoba suka ƙaru. Saboda haka a 1907 Turkawa suka kafa wani inji a bakin teku. Aikinsa ba wuyar ganewa: a zuba ruwan teku cikin babbar tukunya, a hura wutar kwal a ƙarƙashi, tururi ya tashi ya bar gishiri, a bi da shi ta cikin bututu mai sanyi, sai ya koma ruwan daɗi. Mutanen gari suka ji sunan da Turawa ke kiran injin, suka juya shi da bakinsu, suka ce Kindasa. Ruwan Kindasa tsada gare shi, don kwal ɗin daga ƙetare ake kawowa, injin kuma ya cika lalacewa. Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya karɓi Jidda a watan Disamba 1925 bayan ya kewaye ta kusan shekara guda, kafin shekarun 1920 su ƙare kuwa ya sa aka kawo sababbin injuna biyu. 'Yan ga-ruwa suka riƙa ɗiba a garwa da amalanken jaki suna kai wa gidaje.

A Jidda ne aka sa hannu a kan yarjejeniyar neman man fetur, ran 29 ga Mayu 1933, tsakanin ministan kuɗi Abdullahi Sulaiman da wakilin kamfanin Standard Oil na Kalifoniya a Amurka. Man kansa a 1938 aka same shi a Dammam, can gabashin ƙasar, fiye da mil 700 daga Jidda. Ba rijiyar mai ko ɗaya a Jidda, amma kuɗin man ya iso ta, gama a lokacin nan ne bankuna da manyan attajirai da ofisoshin jakadu suke.

Shekarar 1947 ita ce ta raba tsohuwar Jidda da sabuwa. A cikinta aka rushe ganuwa, a cikinta kuma ruwan famfo ya iso daga Wadi Fatima, wani kwari mai marmaro da gonaki wajen mil 40 daga gari. Aka sa wa ruwan suna Aziziyya, don Sarki Abdul'aziz ne ya ba da umurnin aikin. Kafin wannan shekara duk garin bai kai murabba'in mil ɗaya ba, mutanensa kuma 'yan dubbai goma-goma ne. Da ruwa ya samu, ganuwa kuma ta kau, sai gini ya bazu kudu da arewa da gabas. Wajen 1950 aka gama gadar da manyan jirage ke tsayawa a jikinta, aka huta da sauke kaya can cikin teku a ƙananan jirage.

Sa'an nan ne ma'aikatu suka soma. Gari mai gini siminti yake fara nema, don haka a 1955 aka kafa kamfanin siminti na farko a ƙasar, ya gina ma'aikatarsa arewa da Jidda, inda dutsen farar ƙasa yake, kafin 1960 kuwa ta fara aiki. A 1962 gwamnati ta kafa hukumar mai da ma'adinai, Petromin. Ita ce ta buɗe ma'aikatar rodi a 1967, da matatar mai a 1968, duka biyu a kudancin gari. Abin lura a nan shi ne, ƙarfen da ake murzawa daga ƙetare yake zuwa, ɗanyen man kuma a jirgi ake kewayo da shi daga gabas. Haka sauran suka bi: alkama a jirgi take zuwa a niƙa ta a tasha, kamfanin Savola da aka kafa a 1979 yana tace man girki da aka shigo da shi, gidan Juffali kuma yana harhaɗa manyan motocin Mercedes da sassan da aka ƙera a Jamus. Garin masaƙa na Ingila audugarsa kaɗai yake sayowa daga nesa, ruwa da kwal nasa ne. Jidda kuwa kome nata baƙo ne, sai kasuwa da tasha.

Ruwan Wadi Fatima bai daɗe ba ya kasa, ko da aka ƙaro da na Khulais. Sai aka koma ga dabarar Kindasa, amma da girma. A 1970 aka buɗe sabuwar ma'aikatar tace ruwan teku, wadda ke ba da galan miliyan 5 kowace rana, da wutar lantarki kuma daga tururin nan guda. A 1974 aka kafa hukuma musamman don wannan aiki. Ƙidayar shekarar nan ta nuna mutanen Jidda sun haura 500,000. Da kuɗin mai ya tashi bayan 1973, kaya suka yi wa tasha yawa, har a 1976 jirage sukan yi watanni suna jiran layi, aka kai ga sauke siminti da jirgin sama mai saukar ungulu. Gwamnati ta faɗaɗa tashar, amma manyan ma'aikatun mai da na sinadarai sai ta kai su Yanbu da Jubail, inda akwai fili da bututun mai. Jidda ta tsaya a kan abinci da kayan gini da kayan masarufi, a unguwar ma'aikatu da aka keɓe kudu da gari tun farkon shekarun 1970.

Leburori da talakawa a gefen ma'aikatun nan suka zauna. Unguwar Karantina ta sami sunanta daga wurin da ake tsare alhazai don binciken lafiya, unguwar Petromin kuma daga matatar mai. A nan, da Ghulail da Sabil, Hausawa da sauran 'yan Afirka da mutanen Yamal suka yi yawa, har mutum ya iya sayen tsire da fura ba tare da ya yi Larabci ba.

Garin da ya saba da ƙishirwa bai yi shirin ambaliya ba. Kwaruruwan da ke gangarowa daga duwatsu sukan yi shekaru a bushe, saboda haka aka yi gidaje da tituna a cikinsu. Ran 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, cikin 'yan sa'o'i aka sami abin da ya fi na shekara guda. Ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa, ya ci mutum fiye da 120, yawancinsu a unguwannin gabas irin su Ƙuwaiza. Aka sake yin wata ambaliyar a Janairu 2011. Bayan haka ne aka gina madatsai a bakin kwaruruwan, da manyan lambatu masu kai ruwa teku.

Ma'aikatun farko yawancinsu gari ya cim musu ya kore su. Ta siminti ta koma Rabigh a shekarun 1980. An rufe matatar mai a 2017. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni da dama, har da Karantina da Petromin da Ghulail da Sabil, mazaunansu suka watsu cikin gari da wajensa. Tsohon garin cikin ganuwa kuwa, wanda ake kira Balad, an sa shi cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2014, ana ta gyaran sorayensa.

Ƙidayar 2022 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da rabi a Jidda, kusan dukansu kuwa ruwan teku suke sha. Mafi yawansa ta bututu yake zuwa daga manyan ma'aikatun da aka gina wajen mil 70 kudu da gari, a Shu'aiba, watau tashar nan da Halifa Usman ya bari saboda Jidda. Daga can ne kuma ake tura wa Makka da Ɗa'ifa. Da yake inji yana iya tsayawa, an gina manyan tankuna a Briman, gabas da gari, ana ajiye ruwan da za a sha kafin a gyara. Aikin da matattaran attajiran dā suke yi ke nan, sai dai yanzu hukuma ce ke riƙe da su, ruwan kuma daga teku yake fitowa.