Hali da Harshe: Abin da ke Riƙe Mai Kallo a Wasannin Kwaikwayon Talabijin na Hausa

A sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, idan ɗalibi ya ɗauki wasan kwaikwayo na talabijin zai rubuta kundi a kansa, tambayar farko da ake sa ran ya amsa ita ce ta jigo. Daga nan sai warwarar jigo, sai a jero darussa: illar auren dole, sharrin shaye-shaye, muhimmancin zaman lafiya. Masu shirya wasannin su ma sun haddace wannan karatu, domin da wuya a yi hira da ɗayansu bai ce manufarsa ilmantarwa da faɗakarwa da nishaɗantarwa ba, kuma kullum nishaɗin ne a ƙarshen layi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan ma'auni ya kauce wa ainihin abin da ya sa Hausawa suka ƙaunaci wasu wasanni suka manta da wasu. Abin da ke zaunar da mai kallo shi ne halin ɗan wasa da yadda magana ke fita daga bakinsa. Saƙo kuwa sai ya sami waɗannan biyun kafin ya isa ga kowa.

Hujja mafi sauƙi tana bakin jama'a. A tambayi dattijon da ya kalli talabijin a shekarun 1980 abin da yake tunawa, zai ambaci Samanja da Karkuzu da Golobo da Ɗanwanzan da Kasagi. Da wuya ya iya kawo labarin shiri guda daga farko zuwa ƙarshe, balle darasin da aka rufe shi da shi, amma zai kwaikwayi tafiyar Samanja da tsawarsa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Sunayen wasan ma sun danne na yanka. Mutane da yawa sai a sanarwar rasuwa suka fara jin cewa Samanja sunansa Usman Baba Pategi, Karkuzu kuma Abdullahi Shu'aibu.

Wannan ba da akwatin talabijin ya zo ba. Tun kafin a kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Bahaushe yana da dandalinsa na kwaikwayo, kuma a kan hali aka gina shi. A tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kwana goma, yaro kan manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya zama mai magani yana zuba kirarin saiwoyi, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata. 'Yan kama sukan naɗa rawani su zauna zaman malamai, su juya salon wa'azi zuwa zancen tuwo da miya. A wasan gauta kuwa matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, har mai mulki ya ga kansa yadda na ƙasa da shi ke ganinsa. Duk waɗannan ba su da wani dogon labari mai sarƙaƙiya. Abin da suke da shi shi ne mutum wanda kowa ya san irinsa a unguwa, da kuma izinin da al'ada ta bayar na a taɓa babba cikin raha ba tare da an ce an yi rashin kunya ba.

Da gidajen talabijin suka yawaita, musamman bayan an haɗe su a ƙarƙashin NTA a 1977, sannan Kano ta buɗe CTV a zamanin mulkin Abubakar Rimi, wannan gado ne 'yan wasa suka shiga da shi gaban kyamara. Yawancin wasannin ba a rubuta musu magana kalma bayan kalma. Akan tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sauran kuma ya rage ga basirar ɗan wasa. Janet Beik ta bayyana irin wannan tsari a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ƙasar da Yazi Dogo da ƙungiyarsa suka yi suna. Mai nazarin da ya saba da rubutattun wasanni irin Wasan Marafa na Abubakar Tunau ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi yana iya ɗaukar rashin rubutun a matsayin rauni. Ni a ganina nan ƙarfin yake. Ɗan wasan da ba a ɗaure masa harshe ba dole ya ɗebo magana daga inda ya ji ta: bakin kasuwa, tashar mota, zauren mai unguwa, rumfar mai shayi. Shi ya sa habaici da zambo da baƙar magana suke fitowa da ɗuminsu, mai kallo ya ji kamar maƙwabcinsa ne ke magana.

Samanja ya cancanci a tsaya a kansa. Usman Baba Pategi Banufe ne, kuma ya yi aikin soja da gaske kafin ya shahara da kwaikwayon soja a Kaduna tun daga shekarun 1970. A tuna da zamanin: an fito daga yaƙin basasa a 1970, sojoji ne ke mulki har 1979, suka sake dawowa a ƙarshen 1983. Farar hula yana ganin kaki sai ya kauce daga hanya. A irin wannan yanayi ne wani ya shigo falon mutane a matsayin babban kurtu mai tsawa da cika baki, yana gauraya Hausar bariki da Turancin buroka, yana tsorata na ƙasa da shi, yana ƙamewa idan hafsa ya iso. Jama'a suka yi dariya, sojojin ma suka yi. Wannan dariya ta yi aiki babba, domin ta mayar da soja mutum, mai iyali da matsalar albashi da tsoron na gaba da shi. Harshen nasa ma shaida ne na tarihi: irin Hausar da Bajukune da Batibi da Bayarabe da Babarbare suka haɗu a kanta a bariki, wadda littattafan nahawu ba su cika kula da ita ba. Wanda ya taƙaita Samanja da cewa jigonsa shi ne ɗa'ar aikin soja bai faɗi ƙarya ba, amma ya bar mafi yawan abin a ƙasa.

Za a iya cewa ai gidajen da suka shirya waɗannan wasanni na gwamnati ne, kuma da niyyar wayar da kai aka ɗauki nauyin da yawa daga cikinsu. Haka ne, ban musa ba. Sai dai niyyar mai ɗaukar nauyi daban, abin da ya kama zuciyar mai kallo daban, kuma Daɗin Kowa ya isa misali. Tashar Arewa24 da ta shirya shi ta fara aiki a 2014 a ƙarƙashin ƙungiyar Equal Access, da tallafin gwamnatin Amurka, a daidai lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, kuma batun zaman lafiya da tsattsauran ra'ayi da almajirci yana cikin ginin shirin tun daga tushe. To amma da me aka riƙa hira a majalisu da gidajen biki? Da Kamaye da Adama, da Malam Nata'ala, da Ɗantani mai shayi, da soyayyar Nazir da Alawiyya. Don mutane sun yarda cewa waɗannan mutanen garinsu ne, shi ya sa suka saurara lokacin da labari ya juya zuwa abu mai nauyi. Da an fara da hudubar, da tuni an canza tasha.

Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, ya ɗauki gadon wasan gauta ya kai shi gidan gwamnati. An ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada don kada a ce da wane ake, amma kowane ɗan Arewa yana iya nuna Bawa Maikada na jiharsa, da 'yan korensa, da 'yan jaridar da ake saye da waɗanda suka ƙi sayuwa. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi kuwa ya koma cikin gida: attajiri mai maƙo da tarin 'ya'ya daga mata daban-daban, kowa ido a kan dukiya. Batun gado da tarbiyya yana nan a ciki, amma ba a tsaya an karanta shi ba. An bar shi ya fito daga rigimar 'ya'yan da kansu, kowanne da irin bakinsa.

Wannan hanya tana da nata haɗari, kuma bai kamata mai yabonta ya rufe ido a kai ba. Wasan da ya dogara da kwaikwayon hali yana saurin zamewa zuwa kwaikwayon ƙabila. An daɗe ana fito da Bafulatani a matsayin wanda bai san gari ba, Bagwari a matsayin mai karyayyar Hausa, Bamaguje a matsayin wanda bai san komai ba sai giya. Masu kare wannan sukan ce ai wasan taubasai ne, irin na Fulani da Barebari ko Katsinawa da Gobirawa. Amma taubasantaka tana da sharaɗi: wanda ka tsokana yana gabanka, kuma yana da damar ramawa nan take. A talabijin ɓangare guda ne ke riƙe da makirufo. Haka ma mayar da mai in'ina ko gurgu ko kurma abin dariya saboda lalurarsa kawai. Raha ta gaske tana kallon sama, wajen mai iko da mai kuɗi da mai fankama, kamar yadda matan fada suka yi.

Tun daga 2020, da Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka buɗe ƙofa, shirye-shirye masu dogon zango sun mamaye talabijin da YouTube. Ta wata fuska wannan alheri ne, domin mako-mako ana samun filin raino hali a hankali, abin da fim na awa biyu ba ya bayarwa. An kuma sami ci gaba a hoto da sauti da rubutun labari wanda babu mai musunsa. Damuwata ita ce kunne. A yawancin sababbin shirye-shiryen, attajiri da direbansa da kishiya da likita duk Hausa ɗaya suke yi, ta birnin Kano mai ratsin Turanci. Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar Zariya ko ta Damagaram ba sa fitowa sai in ana son a yi dariya da mai yin su. Ga kuma jan labari saboda kuɗin shiga ya dogara da yawan fitowa, har a shafe rabin sa'a mutum biyu na maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani a makon jiya.

Idan abin da na faɗa daidai ne, to aikin da ke gaban manazarta ya fi lissafa jigogi wuya. Tunda tsofaffin wasannin ba a takarda suke ba, babu wani rubutu da za a koma wa in kaset ya lalace, kuma abin da jama'a ke samu a yau guntaye ne da masu sha'awa suka ɗora a intanet. Daga cikin tsofaffin 'yan wasan, Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi a 2023, Karkuzu a 2025. Ya kamata sassan Hausa su nemi abin da ya rage a ɗakunan ajiya na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos da Damagaram, a kwafe shi, a rubuta maganganun yadda aka furta su ba tare da an gyara musu nahawu ba, sannan a zauna da sauran 'yan wasan da masu shiryawa da ke raye a ji yadda suke tsara fitowa guda kafin a kunna kyamara.