Yaƙin Libiya Da Komowar Cinikin Mutane

Tun zamanin kakanninmu akwai hanyar ayari wadda ta tashi daga Kano, ta bi ta Agadas, ta ratsa Hamada har Tarabulus. Raƙuma na ɗaukar fatu da gashin jimina, bayi na biye da su a ƙasa. A 1890 manyan ƙasashe suka taru a Birasel ta Beljiyam, suka ƙulla alkawarin hana wannan ciniki. A 1926 aka sake ƙarfafa shi a Janeba, a 2000 kuma aka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Palermo ta Italiya domin hukunta masu fataucin mutane.

To, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011, ƙasar Libiya ta rabu, kowane mai bindiga ya zama sarkin kansa. Samari da 'yan mata masu neman ƙetare teku zuwa Turai suka riƙa faɗawa hannunsu. A tsare su, a buge su, a aika wa iyayensu su kawo kuɗin fansa. Wanda ba a fanshe shi ba, a sayar.

A Disamba 2016 Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke ƙuduri mai lamba 2331, ya la'anci fataucin mutane a wuraren yaƙi. A Nuwamba 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon mazaje a Libiya, mutum kan dala 400. Duniya ta girgiza. A ƙarshen watan nan shugabannin Afirka da na Turai suka haɗu a Abijan, suka shirya kwaso mutanen, aka mai da dubbai garuruwansu. A Yuni 2018 Majalisar ta hana wasu mutum shida tafiya, ta riƙe dukiyarsu.

Duk da haka takarda ba ta kama ɓarawo sai da alƙali da ɗan doka, su kuwa ba su zama inda ake yaƙi. Saboda haka, jama'a, wanda ɗansa ya ce zai bi wannan hanya, sai ya ba shi labarin nan tukuna. Allah ya kiyashe mu, amin.