Man Kaɗanya da Hunturun Jibiya

Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa alamun iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi. Jibiya ta faɗo ɓangaren Najeriya, Ɗan Isa kuma ɓangaren Nijar. Hunturu kuwa bai san da rabon ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iskar Sahara kan zuƙe ruwan fatar fuska ta kowane ɓangare, har leɓe ya tsage, kumatu su yi kaushi.

Maganin da matan yankin suka gada shi ne man kaɗanya, wanda fatake kan kawo daga kudu, inda bishiyar ta fi yawa. A wanke fuska, a shafa shi tun tana da laima, sai maiƙon ya rufe fatar, ya hana ruwanta tsirarewa. Likitocin fata na yau ma kan ba da shawarar shafa mai tun fata ba ta bushe ba.

Daga baya mayukan bilicin suka cika kasuwannin wannan hanya. Da yawansu na ɗauke da makuri ko sitiroyid, wanda ke sirantar da fata har ta kasa jure rana da ƙura. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa.

A Agustan 2025 gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata 6, domin a riƙa sarrafa shi a gida. Man da wasu ke ɗauka na ƙauye, shi kamfanonin kwalliya na Turai ke rububi.